Vilhelm Bjerknes, malamin da ya koya wa duniya karatun hadari

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san ranar da iska take juyawa. Wata da watanni tana busowa daga arewa maso gabas, busassa, tana tsaga leɓe, tana yanƙwanar da ganye tun kafin azahar. Sai wata rana cikin bazara a wayi gari ta dawo daga kudu maso yamma, jiki ya yi ta tsiyayar gumi, gishiri ya fara jiƙewa cikin buhu, mai busasshen tattasai ya fara tunanin inda zai ɓoye shi. Tsofaffi su ce damana ta kusa. Ma'aikatan meteyo kuma su ce FIT ya ƙetare mu. Harafin farko na wannan suna yana nufin bakin daga a Faransanci, wato wurin da rundunoni biyu suke fuskantar juna. Yau za mu kawo muku tarihin mutumin da a gidansa aka shigar da wannan kalma ta soja cikin maganar ruwa da iska.

Sunansa Vilhelm Bjerknes, ana furta shi kamar Biyarknes. An haife shi ranar 14 ga Maris 1862 a birnin Kiristiyaniya, wanda yau ake kira Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, can ƙurewar arewacin Turai. Mahaifinsa Carl Anton malamin lissafi ne a jami'a, kuma ya ƙarar da rayuwarsa kan bincike guda: ya lura cewa in aka tsoma ƙwallaye biyu cikin ruwa ana sa su kumbura suna sacewa, sai su riƙa jan juna ko tura juna kamar maganaɗisu. Tun Biyarknes yana yaro shi ne yake haɗa wa tsohon kayan gwaji, har a 1881, yana ɗan shekara 19, ya je ya nuna su a baje kolin kayan lantarki na birnin Paris.

Da ya gama karatu ya samu sa'ar da ba kowa yake samu ba. A 1890 ya je birnin Bon na Jamus ya zama mataimakin Heinrich Hertz, mutumin da ya fara tabbatar da igiyoyin da suke ɗauko mana muryar rediyo. Da ya bi wannan hanya, wataƙila da yau da rediyo ake tuna shi. Amma mahaifinsa ya tsufa bai rubuta aikinsa ba, sai ɗan ya ɗauki nauyin, ya shafe shekaru yana tsara shi har ya fito littafi biyu tsakanin 1900 da 1902. A lokacin kuwa masana sun riga sun juya wa irin wannan bincike baya. Ɗan kasuwar da ya gaji rumfar ubansa bayan kasuwa ta tashi ta koma wani gefe zai gane halin da ya shiga.

Sai dai cikin wannan wahala ce ya tsinci abin da ya ɗaga shi. Yana koyarwa a birnin Istokholm na Suwidin, a 1897 ya fitar da wata ƙa'idar lissafi mai bayyana abin da yake faruwa idan ruwa mai nauyi da marar nauyi, ko iska mai nauyi da marar nauyi, suka zauna gefe da gefe. Ba sa zama lafiya. Mai nauyin ta kutsa ƙasa, marar nauyin ta hau sama, daga nan kewayawa ta fara. Iska mai sanyi ita ce mai nauyi, mai zafi kuma marar nauyi. Abokan aikinsa masu nazarin teku da sararin sama ne suka nuna masa cewa abin da ya rubuta a takarda shi ne yake gudana kullum bisa kawunan mutane.

A 1904 ya buga wata ƴar gajeriyar maƙala wadda har yau ake ɗauka mafarin hasashen yanayi na zamani. A zamanin, mai hasashe yakan duba tsofaffin taswirori ne ya nemo ranar da ta yi kama da yau, ya ce gobe ma haka za ta kasance. Biyarknes ya ga wannan canki-canka ce. A ganinsa aikin mataki biyu ne, kamar na likita: a fara auna halin da iska take ciki yanzu, a ko'ina, ƙasa da sama, sa'annan a bi dokokin kimiyya a lissafa inda za ta nufa. Ya ƙidaya abu 7 da za a auna: zafi, danshi, nauyin iska, yadda take danna ƙasa, da tafiyarta ta fuska uku, wato gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Magana ta yi daɗi, amma lissafin ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam. Kafin a gama lissafa ruwan gobe, an yi shi har ƙasa ta bushe. Duk da haka ya je Amurka a 1905 ya yi bayani, gidauniyar Carnegie ta yarda da shi, ta riƙa ba shi kuɗin ɗaukar mataimaka tun daga 1906 har 1941. Wannan kuɗi shi ne jarinsa, kuma ya san yadda ake juya jari.

A 1913 ya koma birnin Laifzig na Jamus ya shugabanci sabuwar cibiyar bincike. Shekara guda bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Aka kwashe ɗalibansa zuwa fagen fama. Ɗaya daga cikinsu, Herbert Petzold, wanda yake nazarin layukan da iska take karo da juna, an kashe shi a Verdun a 1916. Abinci ya yi wuya a Jamus, gawayin ɗumama ɗaki ma ya yi wuya. Ɗansa Jacob, saurayin da aka haifa a 1897, shi ya ɗauki aikin mamacin ya ci gaba. Da aka yi wa Biyarknes tayin ya dawo gida ya kafa sashen nazarin yanayi a Bergen a 1917, bai yi jinkiri ba.

Bergen gari ne na bakin teku, na masunta da fatake, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana cin kasuwar busasshen kifi. Kifin nan mai tauri kamar itace da ake saidawa a kasuwannin kudancin Najeriya, daga Norwe yake fitowa. Gari ne kuma na ruwa: a shekara yakan samu fiye da milimita 2,000, alhali Maraɗi wajen 500 take samu. Su matsalarsu ba rashin ruwa ba ce, rashin sanin ranar da zai ɗauke ne.

A 1918 Norwe tana bakin yunwa. Ba ta shiga yaƙin ba, amma yawancin hatsin da take ci daga waje ake shigo da shi, kuma jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun nutsar da ɗaruruwan jiragenta na kaya. Gwamnati ta fara raba abinci da awo, ta matsa wa manoma su faɗaɗa gonaki. To a ƙasar da lokacin noma gajere ne, manomin da ya yanke ciyawar dabbobi ko alkama ya shanya, ruwa ya same ta kwana uku, ya yi asara. Mu da muka san yadda harawa take baƙi in ruwan ƙarshe ya doke ta ba ma bukatar dogon bayani. Ƙarin wahala, hadarin Norwe daga yamma yake zuwa, ta kan teku, kuma Ingila, wadda take fara ganinsa, ta daina aiko da labarin yanayi saboda ya zama sirrin soja.

Biyarknes ya je wurin faraminista Gunnar Knudsen ya nemi a ba shi dama ya yi wa manoma hasashe. Majalisa ta ware kurona 100,000, kuɗin ƙasar. Tunda ba a iya ganin nesa, sai ya ce a ga kusa da kyau. Ya bi gaɓar teku yana ɗaukar masu tsaron fitilun jiragen ruwa, da masunta, da sojojin ruwa masu gadi, aka koya musu auna inda iska take fitowa daidai-wa-daida, su aiko ta waya. Wurin da a da tashoshin awo ba su taka kara sun karya ba, sai ga su gommai kusa da juna.

Nan ne abin ya fito fili. Da Jacob ya riƙa zana kibiyoyin iska bisa taswira kullum, sai ya ga iska ba ta sauyawa sannu-sannu daga gari zuwa gari. Akwai layi. Wannan gefen ɗumi da iskar kudu, wancan gefen sanyi da iskar yamma ko arewa, kuma ruwa a bakin layin yake zuba. Layin kuma tafiya yake yi, ana iya auna saurinsa a faɗi lokacin da zai iso gari kaza. Ya rubuta wannan a ƙarshen 1918, bai wuce shekara 21 ba.

Ga yadda bayanin ya kasance bayan sun tace shi. Iskar da ta daɗe kwance bisa wuri guda takan ɗauki halin wurin. Wadda ta zauna bisa ƙanƙara ta yi sanyi, ta bisa teku mai ɗumi ta sha danshi, ta bisa hamada ta bushe. In ta tashi tafiya, da halinta take tafiya, faɗinta ya kai ƙasa guda ko fiye, kamar ayarin Bilma da ko'ina ya sauka an san gishiri da dabino ya ɗauko. Idan ayari biyu na iska suka haɗu, ba sa gaurayuwa nan take. Iyaka ce take shiga tsakaninsu, kuma iyakar ba a tsaye take kamar bango ba, a kishingiɗe take, mai sanyi a ƙasa, mai ɗumi a bisanta. Ita kuwa iska duk lokacin da aka tilasta mata hawa sama sai ta huce, danshin da ta ɗauko ya zama girgije, girgije ya zama ruwa.

Haɗuwar iri biyu ce. In mai ɗumi ce take tahowa, sai ta hau bayan mai sanyi a hankali. Tun da sauran kwana guda za a ga siraran gizagizai can ƙololuwa, su yi ta kauri suna saukowa, daga baya a shiga yayyafi mai daɗewa. Masuncin da ya iya karanta wannan ya samu gargaɗin yini guda. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka. In kuwa mai sanyi ce take kora, sai ta kutsa ƙarƙashin mai ɗumi kamar bakin garma, ta cilla ta sama da ƙarfi. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na ɗan lokaci, iska ta juya, gari ya washe da sanyi.

Wasu samari biyu suka cika sauran. Halvor Solberg ya tono tsofaffin rahotannin jiragen ruwa na tekun Atlantika, ya nuna cewa layin bai tsaya a Norwe ba, ya ratsa tekun gaba ɗaya, kuma guguwowi a jikinsa suke tsirowa ɗaya bayan ɗaya kamar ƴan ɗaki guda. Tor Bergeron, ɗan Suwidin, ya gano a 1919 cewa layin sanyi ya fi na ɗumi sauri, yakan cim masa ya ɗage iskar ɗumin daga ƙasa ɗungurungum, daga nan guguwar ta fara mutuwa. Ashe hadari ma yana da haihuwa da ƙuruciya da tsufa, kuma wanda ya san shekarunsa ya san ƙarfin da ya rage masa. Duk wannan aiki a saman benen gidan da Biyarknes yake zaune da iyalinsa aka yi shi. Da suka zo raɗa suna, yaƙin da ya ƙare a Nuwamba 1918 yana nan cikin zukatansu, shekara huɗu suna ganin taswirar rundunoni a jarida. Sai suka kira layin bakin daga. Ja ga na ɗumi, shuɗi ga na sanyi, kamar yadda ake gani har yau a taswirar telebijin.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya: ba tsohon ne ya zana taswirorin ba, yaran ne. Kuma tun kafin su, wasu masana a Jamus da Ostiriya da Ingila sun hango ɓangarorin wannan magana, har an zargi mutanen Bergen da rashin ambaton su yadda ya kamata. Rabon Biyarknes shi ne ya kawo ƙa'idar, ya nemo kuɗin, ya zaɓo yaran, sa'annan ya zama dillalin hajar. Ya yi ta yawo taro-taro yana tallar ta, yana gayyato ma'aikatan wasu ƙasashe su zo Bergen su koya, yana tura yaransa su je su koyar. A ganinmu wannan ba ƙaramin rabo ba ne, domin haja ko ta fi kowace kyau, in ba a kai ta kasuwa ba a ɗaka take ruɓewa. Ciniki bai faɗa da wuri ba. Ma'aikatar yanayi ta Amurka ta yi kusan shekara 20 tana jan ƙafa. Masunta da matuƙan jirgin sama, waɗanda kuskuren hasashe yake iya kashewa, su suka fara karɓa. A Yunin 1944, lokacin da sojojin ƙawance za su tsallaka teku su shiga Faransa, an ɗage harin daga ranar 5 zuwa 6 ga wata bisa shawarar masu hasashe, cikinsu har da Sverre Petterssen, ɗan Norwe da ya yi aiki a Bergen.

Daga can ne kalmar ta iso mana. Mu ma ayari biyu ne suke mulkin shekararmu: busassar iskar Sahara, wadda muke kira hunturu in ta zo da sanyi da hazo, da iska mai danshi da take tasowa daga tekun Gine. Bakin dagarsu shi ne FIT. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku, kudu da mu ƙwarai. Rana tana ƙara zafi yana hawowa arewa, ya fara taɓa Gaya, ya wuce Maraɗi da Damagaram da Tawa, cikin Agusta ya kai har arewa da Agadas, sa'annan ya juyo da saurin da ya fi na tafiyarsa.

Amma namu ya bambanta da na Bergen, har wasu masana ba sa son kiran sa bakin daga. Can sanyi da ɗumi ne suke karo, nan bushewa da danshi ne. Iskar teku ce ta fi sanyi, ita take kutsawa ƙasa, ta hamada mai zafi tana bisanta kamar murfi. A daidai bakin layin danshin siriri ne, bai isa ya haɗa hadarin kirki ba. Sai layin ya wuce mu da ɗaruruwan kilomita, danshin ya yi kauri, ruwa yake zama. Wannan ne dalilin makonnin nan na gumi ba ruwa, da ruwan farko mai ruɗi wanda akan yi shuka a kansa sa'annan sama ta ɗauke, iri ya ƙone. Shi ya sa kuma iska take busowa daga kudu maso yamma amma hadari ya taso daga gabas: ta ƙasa ce take kawo danshi, ta sama mai tafiya yamma ita take tuƙa gizagizan. Shekarar da layin ya makara ko ya koma da wuri, a farashin tiya ake fara ganin ta. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta biyo baya, kuma ba wanda ya manta abin da buhun hatsi ya kai a 2005. Don a riƙa bin irin wannan sau da ƙafa aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, bayan babban farin da ya gabace ta.

Jacob ya zarce Amurka da zama a 1940, da Jamus ta mamaye Norwe yana can. A 1969 ya bayyana yadda ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ake kira El Nino take ɗaure da juyawar iska a faɗin tekun. Masu hasashen damana a Sahel suna duba wannan, domin sau da yawa shekarun El Nino ruwa yakan yi mana ƙaranci.

Shi kuwa tsohon ya bar Bergen a 1926 ya koma jami'ar Oslo, ya yi ritaya a 1932. Abin da aka yi a Bergen zane ne da ƙwarewar ido, ba lissafin da ya yi buri a 1904 ba. Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin lissafin da hannu, ya sha makonni kan hasashen awa 6, amsar ta fito ba daidai ba. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riga yanayin duniya. Sai a 1950 aka ɗora aikin kan ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a Amurka, tare da wani ɗan Norwe, Ragnar Fjørtoft, cikin ƴan tawagar. Hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24 ana lissafi, amma ya fito da ma'ana. Biyarknes yana raye a lokacin. Ya mutu a Oslo ranar 9 ga Afrilu 1951, yana da shekara 89.